Babi na Shida: Wasan Mutum Ɗaya a Bakin Ƙofar Sauri

A ƙasar Hausa wasa abin taro ne. Dara mutum biyu ke yin ta, amma da wuya ka ga mutum biyu kaɗai a kanta. Duk inda aka tona gida talatin a ƙasa, a inuwar bedi ko a gindin katanga, a Ƙofar Sauri ko a wata unguwa ta birnin Katsina, sai ka tarar an yi wa 'yan wasan zobe. Mai tsinke ya ɗaga hannu yana nazari, wani daga baya ya yi gyaran murya. Mai dutse ya waiwayo ya ce, "Malam, in kana da hannu zo ka zauna, mi kake jira?" A kwashe da dariya. Wanda aka cinye ya tashi yana kaɗe riga, na gaba ya maye gurbinsa tun wurin bai huce ba. Rabin daɗin dara a bakin 'yan kallo yake. Haka lido, haka karta, haka langa a dandali.

Don haka in aka ce wa Bakatsine akwai wasan allo da aka ƙera musamman don mutum ɗaya, ya shimfiɗa taswira, ya jera katuna, ya shafe awa biyu ko uku yana fama da dodanni ba abokin karawa, tambayarsa ta farko ita ce: to wa zai ci, wa za a ci? Ta biyu kuwa, wadda ba lallai ya furta ba: anya lafiyarsa ƙalau? Duka biyun suna da amsa, kuma mafi yawan amsar a cikin ganuwar Katsina take.

Yadda aka zuba mai labari a takarda

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Sabon abin da ya zo da shi shi ne ɗan wasa ya daina tura runduna, ya koma mutum guda a cikin labari: mayaƙi, ko boka. Mutum ɗaya a wurin ke riƙe da labarin, shi ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ne kuma alƙali. Wahalar ita ce sai an tara mutum huɗu ko biyar masu sukuni a lokaci guda, a kuma sami mai haƙurin riƙe labari. Wanda bai samu ba sai dai ya zauna yana juya littafin dokoki.

Masu ƙira suka ga mafita ita ce a zuba mai labarin a cikin takarda. A 1981 Arnold Hendrick ya fitar da Barbarian Prince. Kai ne ɗan sarkin da aka kashe mahaifinsa aka ƙwace gadon sarauta, an ba ka mako 10 ka tara zinari 500 da za ka ɗauki mayaƙa ka komo. Allon taswira ce mai gidaje masu kusurwa shida, ga daji, ga tsauni, ga fadama, ga kufai. Kowace rana abu ɗaya za ka yi: ka ci gaba da tafiya, ka huta, ka binciki kufai, ka nemi labari a gari, ko ka nemi iso wurin mai mulkin wurin. Ka zaɓa, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, lambar da ta fito ta aika ka wani sakin layi a ɗan littafin da ke cikin kwalin, can ka ga abin da ya same ka. Da yamma dole a ci abinci, kai da duk wanda ya biyo ka. In babu, yunwa ta fara cin ƙarfinku, mabiya su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasan ya yi ƙaurin suna wajen tsanani, don sau da yawa ɗan sarkin ba ya sake ganin gida.

Shekara ɗaya bayan nan, a Ingila, Steve Jackson da Ian Livingstone suka wallafa The Warlock of Firetop Mountain a kamfanin Puffin. Littafi ne mai sakin layi 400, kowane da lambarsa, kuma ba a karanta shi a jere. Ƙarshen kowane sakin layi zaɓi ne: in ka bi dama je lamba kaza, in ka bi hagu je lamba kaza. Kafin ka shiga kogon matsafin labarin sai ka rubuta lambobi uku da fensir: gwaninta, ƙarfin jiki, da sa'a.

Dokar sa'ar ta cancanci a duba ta da kyau. A ce sa'arka 9 ce, ka iso inda mai gadi ke minshari, kana so ka wuce a sace. Sai ka jefa ƙwaya biyu. In jimillarsu ba ta wuce 9 ba, ka tsira. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta fuska 36, kuma 30 daga ciki ba su wuce 9 ba, don haka hankalinka kwance. Amma doka ta ce duk lokacin da ka gwada sa'a, ko ka dace ko ba ka dace ba, sai ka rage mata ɗaya. A gwaji na gaba fuska 26 ke gare ka, na bayansa 21, na bayansa kuma 15, wato faɗuwa ta riga ta fi tsira yawa. A nan gizo ke saƙar. Mai wasa yakan tsinci kansa yana tattalin sa'arsa, yana tambayar kansa ko wannan ƙofar ta isa ya kashe mata abin da ya rage. Tsoron da yake ji lissafi ne ya haife shi, tun kafin a kwatanta masa haƙoran dodo.

Littafin da waɗanda suka biyo bayansa sun sayu miliyoyi. Daga baya abin ya koma manyan kwalaye. Vlaada Chvátil, ɗan ƙasar Cek, ya fitar da Mage Knight a 2011, wanda har yau masu wasa su kaɗai ke sa shi a sahun gaba. Gloomhaven na Isaac Childres ya fito a 2017 a kwali mai nauyin kusan kilo 10, da fagen fama 95. A farkon shekarar nan ta 2017 Adam Poots ya rufe neman tallafi a dandalin Kickstarter da fiye da dala miliyan 12 don sabon bugun Kingdom Death: Monster, wasan da mutanensa ke farkawa a cikin duhu ba su san ko su waye ba, ba su da komai sai fitila, abin da ya fara tarar su kuwa farin zaki ne. Wasu zane-zanensa ba za su shiga zauren gidanmu ba, amma dabararsa abin lura ce: kowane dodo da tarin katunansa, su ke faɗin abin da zai yi in lokacinsa ya zo. Abin da ya haɗa waɗannan wasanni shi ne duniyarsu ta riga ta ɓaci kafin jarumi ya iso, nasara ba tabbas, kuma ko an yi ta sai ta ci wani abu a jikin mai ita.

Abokin karawar da ba ya nan

Amsar tambayar farko ke nan. Mai wasa shi kaɗai da maƙerin wasan yake karawa, mutumin da ya yi tunaninsa tun shekarun baya, ya binne shi a cikin katuna da lambobi, kamar manomin da ya ɗana tarko a gona ya koma gida ya kwanta. Ba ya wurin, amma ya riga ya hango inda za ka sa ƙafa.

Akwai kuma abokin karawa na biyu, wanda ya fi wuyar sha'ani. A dara in ka matsar da dutse gida biyu, baki goma za su tashi a kanka. A nan ba mai ganinka. Ƙwaya ta fito da abin da zai kashe jaruminka bayan awa biyu kana renonsa, hannunka na kusa da ita, sake jefawa ba ya buƙatar izinin kowa. Wanda ya yi maguɗi a dara abokinsa ya cuta. Wanda ya yi a nan wasan ne ya mutu a hannunsa, domin abin da ya zauna nema tun farko shi ne nasarar da za ta iya kuɓuce masa. Shi ya sa wasan mutum ɗaya ya fi kowane wasa dogaro da amana.

Malamin da ya zauna da gidajen lissafi

Zama kai kaɗai a gaban allo mai gidaje, kana fama da doka wadda ba ta lanƙwasuwa, tsohon abu ne a Katsina. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga ƙasar nan, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji ya ƙare a Alƙahira. Ya rubuta littafi na Larabci kan hatimi, Bahjat al-Afaq, inda ya yi bayanin hanyoyin cika gidajen da adadinsu mara ne: uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, wanda ya ambace shi a littafinsa.

Mai karatu na iya gwadawa yanzu a ƙasa da yatsa. Zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kowace lamba ta hau sama da gida ɗaya ta karkata dama da gida ɗaya. In ta fita ta sama sai ta ɓullo ta ƙasa, in ta fita ta dama ta ɓullo ta hagu, in kuma ta tarar da mai gida a ciki sai ta sauka ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Za ka ƙare da 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Tara kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Bi wannan ƙa'ida a gida 25, kowane layi zai ba ka 65. Kuskure ɗaya tak, jimilla ta tona maka asiri.

A wurin al-Kashinawi wannan ilmi ne mai nauyi, yana haɗe da sirrin haruffa, kuma har yau malamai na zana hatimi a allo da laya. Bai ɗauke shi abin nishaɗi ba. Amma ƙirar zaman ɗaya ce: mutum guda, gidaje, ƙa'ida, da sakamakon da ba ya karɓar uzuri. Garin da ya ga malami ya kwana yana cika gidaje bai ce ya taɓu ba, ba shi da dalilin zargin yaron da ya shimfiɗa taswira a ɗakinsa. Amsar tambaya ta biyu ke nan.

Labarin da aka riga aka buga sau biyu

Ɓangaren labari kuwa Katsina ba ta buƙatar aro. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, tsohon gininta na ƙasa yana nan a cikin birni. A nan Abubakar Imam ya yi karatu, yana kuma koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Katsina daga baya ya zama Walin Katsina, ya shiga da Ganɗoki. Littafi biyu daga cikin biyar da gasar ta haifar daga gari ɗaya suka fito, kuma dukansu tafiyar jarumi ce zuwa inda mutane ba sa zuwa. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana gari-gari suna yi wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe, har ya dangana da ƙasar aljanu. Ganɗoki ya fito daga yaƙin Turawa ya faɗa yaƙin aljanu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi. A zamaninmu kuma littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun nuna masu son takobi da tsafi da birnin da aka la'anta ba su ƙare ba.

Amma abin da ya fi kusa da wasa ya girmi duk waɗannan, shi ne tatsuniyar da Imam ya ari sunanta. Kowace kaka da yadda take juya ta, ga dai ƙashinta. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba ita ta yi ba, aka kore ta ta je ta wanko shimfiɗa a Ruwan Bagaja. A hanya ta riƙa cin karo da koguna na abinci, kowane ya yi mata tayi, ta yi godiya ta wuce. Ta isa wata bukka ta tarar da masu gida abin tsoro, cinya da kare. Ta yi sallama, ba ta yi dariya ba, ba ta yi tambayar banza ba, abin da aka sa ta ta yi. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka ce, dukiya da dawaki suka fito. Sai mowa ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, koguna ɗaya, bukka ɗaya. Ita kuwa kowane kogi sai ta zauna ta cika ciki, ta yi wa masu gida rashin kunya, ta zari babban ƙwai, ta komo gida da abin kunya.

Duba ginin labarin. Taswira guda, mahaɗa iri ɗaya, zaɓi a kowace mahaɗa, an bi ta sau biyu, sau ɗaya an ci sau ɗaya an faɗi. Abin da Jackson da Livingstone suka yi da sakin layi 400, kakanninmu sun yi shi da baki a tsakar gida, illa dai mai sauraro ba shi ke zaɓa ba. Sannan duba abin da hanyar ke aunawa. Ba a tambayi 'yar bora ƙarfin damtsenta ba. An auna ladabinta, da haƙurinta, da yadda take riƙe cikinta. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma tatsuniyar nan ta mayar da karin maganar doka mai hukunci.

Nan ne wasan Bahaushe zai rabu da na Turawa. A mafi yawan nasu, duhu abu ne da ake sara har ya faɗi. A namu labaran, abin da ke cikin duhu yakan yi magana, yakan roƙi alfarma, yakan ba da kyauta da sharaɗi. Wanda ya zare takobi tun farko galibi shi ne wawan labarin.

In da za a ƙera shi a nan

Ganuwar Katsina da ƙofofinta, Sauri da Durɓi da Marusa da Ƙaura da Ƙwaya da 'Yanɗaka da Guga, sun riga sun zana allon. A da can ƙofa tana da mai tsaronta, ana rufe ta da dare, wanda ya makara ya kwana a waje. Ko a ciki ma ba ko'ina ke da mutane ba: Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka a Katsina a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ba gidaje, sai gonaki da kufai.

A ce mai wasa ɗan aike ne da ya fita ta Ƙofar Sauri da almuru, zai nemo magani, dole ya komo kafin a rufe ƙofa a dare na uku. Abin da zai rubuta a takardarsa huɗu ne: guzuri, ruwan gora, haƙuri, da alkawari. Kowane zango ya buɗe kati. Wannan karon tsohuwa ce a gindin tsamiya, ta ce, "Ɗan nan, sam mini ruwa." Saura kurɓi biyu a gorarsa, rijiya ta gaba kuma tafiyar yini ce. In ya ba ta, ya rage ruwa ya ɗauki kati a rufe wanda bai san abin da ke ciki ba. In ya hana, ruwansa na nan, amma sai ya cusa katin tsohuwar a tsakiyar tarin, ya san za su sake gamuwa, bai san a wace kama ba.

Alkawari ya fi wannan daɗin ƙira. Kura mai magana ta ce za ta ƙetarar da shi fadama in zai ba ta abin da ya fara tarar sa a zango na gaba. Ya yarda, ya tsira yanzu, sai ya ajiye katin a gabansa a buɗe. Alkawari kaya ne, a wasan ma haka: kowane wanda bai cika ba yana rage masa gida ɗaya a tafiyar yini. Zai iya saɓawa ya sauke nauyin, amma daga ranar duk wani abin daji da ya gamu da shi ya riga ya ji labarinsa.

Kayan tsari kuwa harshenmu cike yake da su: layar zana, baduhu, sagau, guru, kambu, maganin ƙarfe. Abin da ya sa suka dace da wasa shi ne a labaranmu ba asirin da ba shi da makari. Tarihin baka na Katsina kansa a kan haka ya tsaya. An ce Sanau, na ƙarshe a sarakunan Durɓawa, ba a kayar da shi a kokawa saboda asirin da ke jikinsa, sai da aka haɗa baki da matarsa aka raba shi da shi, sannan Korau ya kayar da shi ya yanka shi. Takobin da ake kira Gajere yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Maƙerin wasa ya ɗauki darasi: kowace laya a rubuta mata sharaɗi a bayan katinta. Wannan ba ta son a tsallake ruwa da ita, waccan tana karyewa in mai ita ya yi ƙarya. Ƙarfin da ba shi da ƙofar ɓaci yana kashe wasa.

Wuraren da ake taka-tsantsan

Na farko ƙwaya. Hadisin da ya yi hani ga wasan nardu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Risala ta Ibn Abi Zaid kuma, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan Katsina, ta hana nardu da shaɗaranji. Malamai sun yi maganganu kan wasan da ba kuɗi a ciki kuma bai shagaltar da salla ba, wasu sun sassauta, wasu sun haɗa har da lido a hanin. Maƙeri mai hankali ba sai ya shiga wannan gardama ba. Gloomhaven ba shi da ƙwaya ko ɗaya. Katunan da ke hannunka su ne dabarunka, su ne kuma numfashinka, duk hutun da ka yi sai ka rasa ɗaya har ƙarshen fagen, in suka ƙare ka faɗi. Wasan Friday na Bajamushe Friedemann Friese, wanda ya fito a 2011 don mutum ɗaya kacal, shi ma katuna ne zalla. Rage rabon sa'a yana ma ƙara wa wasa daraja, don laifin faɗuwa yana komawa kan mai zaɓi.

Na biyu iskoki. Mai neman dodanni zai ga birnin Jangare da gidajensa goma sha biyu, kamar yadda Fremont Besmer ya rubuta daga bakin masu bori a Kano, ya ce ga kaya an shirya. Kada ya taɓa. A wurin masu bori waɗannan sunaye ba abin wasa ba ne, a wurin malamai kuma abin nisanta ne, wanda ya zuba su a kati ya ɓata wa ɓangare biyu rai a lokaci guda. Tatsuniya ta ishe shi. Dodo da Gizo da Ƙoƙi da Botorami kowa ya yarda ƙirƙira ce, mai ba da ita ma da bakinta take rufewa da ƙurunƙus. Haka batun maita. Zargin maita har yau yana raba tsofaffi da gidajensu, wani lokaci da rayukansu. Wasan da zai koya wa yaro cewa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai abar tuhuma ce ya yi ɓarna, alhali tatsuniya akasin haka ta koyar: tsohuwar hanya jarrabawa ce, mai ladabi ke cin ta.

Na uku ya fi nauyi. Mutumin Batsari ko Safana ko Jibiya, wanda dajin Rugu ke bayan gonarsa, ko uban da aka kwashe ɗansa a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa za a sayi tsoro a kwali alhali ga shi kyauta a ƙofar gida. Amsar da za a iya ba shi ita ce tatsuniyar Dodo ba a zamanin kwanciyar hankali aka ƙage ta ba. An yi ta ba da ita a shekarun da mahaya daga Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina, ana rufe ƙofa da wuri. Tsoron da ke da doka, wanda kake da zaɓi a cikinsa, wanda kuma yake ƙarewa in ka tattara katuna, yana ba zuciya wurin motsawa da tsoron gaske ya hana ta. Amma iyakar a fili take: masifar da mutane ke binne 'yan'uwansu a kanta yau ba kayan nishaɗi ba ce, kada a sa ta a allo.

Abin da ya rage

Kayan aiki ba su ne cikas ba. Kwalin sabulu, almakashi, shagon buga takardu, da ƙwallon dabino a madadin 'ya'yan wasa sun isa a fara. Ba kuma sai an je Turai neman misali ba. A Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya kafa NIBCARD Games, yana ƙera wasannin allo a gida Nijeriya, ya fara taron masu wasannin allo na Afirka a 2016, a 2021 kuma kamfanin ya karɓi kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fage a duniya.

Wahalar tana wurin daidaitawa, kuma a nan marubutanmu za su sha mamaki. Mai rubuta labari shi ke da iko da jaruminsa, in ya ga dama ya turo masa aljani mai taimako a shafi na ƙarshe. Maƙerin wasa ya sallama wannan iko. Dole ya ƙirga katuna nawa ne masu cutarwa a cikin tarin, ruwa kurɓi nawa zai kai mutum rijiya, alkawari nawa mutum zai iya ɗauka kafin ƙafarsa ta gaza. Ya buga, ya gyara, ya sake bugawa har ya gaji da abinsa. Sannan ya rubuta dokokin a shafi ɗaya da Hausar da ɗan aji shida zai gane, ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ya koma gefe ya kame bakinsa. Duk inda baƙon ya tsaya yana sosa ƙeya, laifin takarda ne, a gyara ta.

Ma'aunin ƙarshe a fuskar wanda aka cinye ake ganinsa. In ya ture allon ya ce ai wannan zalunci ne, to ƙirar ba ta nuna ba. In kuwa ya yi shiru, ya bi sawun tafiyarsa da yatsa har ya gano mahaɗar da kwaɗayi ya ja shi, ya ce a nan na yi wauta, sannan ya sake garwaya katunan, maƙerin ya gama aikinsa.